Ka Yi Haƙuri, Lailatu

Abdulkahar ya ci amana, kuma a gidan da ya tashi yana cin tuwo ya ci ta. Ƙaryar da ya rubuta layi ɗaya ce, amma saura kwana tara ta raba Lailatu da mijinta.

Ranar Alhamis bayan la'asar Lailatu na saman benensu a unguwar Ruwais ta Jidda tana kwashe shanya, sai ta ga abin ya sake motsi. Can bakin teku, a wurin wasannin da aka rufe wata goma sha huɗu, katon lilon nan mai siffar taya yana juyawa a hankali. Ba fitila, ba kowa a kujerunsa.

"Maijidda," ta kira ƙanwarta, "zo ka gani."

"Zo ki gani," in ji Baba daga ƙasan matakala. "Mace ce. Shekara ashirin da shida ina gyara miki bakin nan. Ku 'ya'yan Jidda, namiji da mace duk ka ne a wurinku."

"Halas, Baba, ya isa. Zo ki gani..."

Maijidda ta leƙa, ta ɗaga kafaɗa. "Iska ce."

"Iska ta san Alhamis? Ta san la'asar?"

Mutum ɗaya suka sani mai iya tada injin nan, kuma an ce ya bar ƙasar.

Saifuddeen injiniya ne ɗan Zariya, kwantiragi ya kawo shi, shi ke kula da injinan wurin. Da ya nemi auren Lailatu ya saya musu katin shiga na shekara guda biyu, nasa da nata a rajista ɗaya, wai bayan ɗaurin aure za su hau lilon tare. Sati biyu da haka aka rufe wurin don gyara, aka sallami yawancin ma'aikata.

"Ba na ba da 'ya ga mutumin da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ke rataye a ƙofar da ke kulle," Baba ya ce masa. "Ranar da aka buɗe ka dawo. Kafin nan ba waya, ba saƙo. Rantse."

Ya rantse. Ita ma ta ce ta ji.

Sai dai Baba bai san da wani abu ba. Duk wata uku kamfanin yana turo wa masu kati saƙo: istirja ko tamdid, a mayar maka da kuɗinka ko a ƙara maka wa'adi. Kuma abin da ɗaya ya zaɓa, ɗayan yana gani a wayarsa. Sau uku wayar Lailatu ta nuna mata katin Saifuddeen, tamdid. Sau uku ta mayar masa da tamdid. Ba su karya rantsuwa ba, kuma kowa ya san ana jiransa.

A karo na huɗu wayar ta ce istirja.

A ranar Abdulkahar ya zo. Ɗan ƙanwar Baba ne, a Jidda aka haife shi kamar su, kuma shi ke zaune a teburin masu kati a wurin wasannin.

"Ya karɓi kuɗinsa," ya ce, yana kallon ƙasa. "An buga masa khuruj niha'i, fita ba dawowa. Wannan ya bari."

Guntuwar takarda ce. Ka yi haƙuri, Lailatu. Na tafi.

Ba ta nuna wa kowa ba. Ta ninke ta a cikin jakar katin, ta yi kukanta a banɗaki. Bayan wata ɗaya Abdulkahar ya kawo maganarsa, ta ce to. Sau uku Baba ya tambaye ta, sau uku ta ce to, aka sa ranar aure. Fushi ne ya amsa, kuma wanda ya yanke shawarar aure cikin fushi ya yi wauta, ko mace ko namiji.

Yanzu ga lilo yana juyawa.

"Ɗauko abayarka," ta ce wa Maijidda. "Yalla, mu tafi."

Mai gadin ƙofar wani dattijo ne ɗan Sudan, Othman. Ta nuna masa katin, ta ce ofis za ta mayar da shi.

"Ba kowa a ofis yau, 'yata."

"To wa ke juya wancan, Malam?"

Ya daɗe yana kallonta. "Wanda ke juya shi ya daina magana. Wata biyu ban ji muryarsa ba." Ya zare sarƙar. "Ku fito kafin magariba."

Cikin wurin shiru. An lulluɓe ƙananan motoci da tamfol, sun yi layi kamar gawarwaki masu jiran salla. Gishirin teku ya ci fentin wani mutum-mutumi mai dariya, rabin fuskarsa ya zube, haƙoran ne kawai suka rage. A ƙasan busasshen tafki akwai takalmin yarinya ƙafa ɗaya.

Sai lasifika ta yi ƙara a saman kansu.

"Ahlan wa sahlan..." muryar mace, a ja, kamar daga cikin ruwa. "Ku riƙe hannun yaranku... Ahlan wa sahlan..."

Maijidda ta damƙe hannun yayarta. "Wallahi mu koma."

"Ka tsaya a bayana."

Suka isa gindin lilon. Kujerun suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi tsatsa da kashin tsuntsu. Sai guda ta sauko tsaf, an goge ta tana ƙyalli, kamar yanzu za a zauna. Ta wuce, ta sake hawa sama ba kowa.

Injin ya mutu. Lasifikar ta yanke a tsakiyar kalma.

Wani mutum ya fito daga ɗakin injin, siriri, gemu ya cika masa fuska, kayan aikinsa sun yi fari da gishiri. Ya tsaya. Ita ma ta tsaya, tana karanta abin da ya zo bakinta.

"Lailatu?"

Muryar a dishe take, amma tasa ce.

"An ce ka tafi," ta ce.

"Ina zan je? Mu uku aka bari. Idan ba a juya shi duk sati ba gishiri zai cinye shi." Ya goge hannunsa da tsumma. "Na zaɓi Alhamis ne don na san lokacin kike kwashe shanya... Na rantse ba waya, ba saƙo. Ban rantse ba zan juya ƙarfe ba."

"To me ya sa ka karɓi kuɗinka?"

"Ni? Ke kika karɓi naki." Ya ciro waya, ya miƙa mata. Katin Lailatu, istirja. "Ɗan'uwanki ya ce kin gaji da jira. Na ce Allah ya sa alheri. Daga ranar ban ga amfanin magana ba."

Ta zaro takardar, ta miƙa masa. Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ka yi haƙuri? Haba, sanyin idona. Ni ɗan Zariya zan ce miki ka?"

Ta kalli takardar. Wata biyu tana karanta ta safe da yamma, ba ta taɓa ganin aibinta ba, don ita ma haka take magana.

"Habibi..." ta ce, sai hawaye. "Saura kwana tara a ɗaura mini aure da shi."

"Na sani. Kullum ina ƙirgawa."

"Kujerar nan da ka goge fa?"

"Taki ce. Na kasa dainawa."

Maijidda ta yi gyaran murya. "Magariba ta kusa, kuma ni tsoro nake ji."

Bayan salla Lailatu ta durƙusa gaban Baba, ta faɗi inda ta je ba ta rage komai ba, ta ajiye takardar. Ya sa tabarau. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Wannan ba bakin mutumin Zariya ba ne. Wannan bakin gidana ne. A kira mini Abdulkahar."

Ya zo da fara'arsa da kwalin baklawa, kayan zaƙin Larabawa. Da ya ga takardar a kan tabarma fara'ar ta tafi.

"Kawu, ni saƙo kawai aka ba ni..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Ga ta nan, ka sa ta kuka wata biyu da saƙonka. Ka ba ta haƙuri."

Ya juya da sauri, gumi na bin wuyansa. "Lailatu, don Allah ka yi haƙuri."

Baba ya cire tabarau, ya ninke.

"Ɗauki kwalinka."

Ranar Lahadi manajan wurin, Meshari, ya buɗe rajista. An soke katin biyu a minti ɗaya, daga teburin Abdulkahar, kuma kuɗin a asusunsa suka shiga. Ba su kaɗai ba ne. Akwai wasu arba'in da ɗaya, na mutanen da suka zaɓi tamdid suna jiran ranar da za su kawo 'ya'yansu.

Baba ya aika aka kira Saifuddeen.

"Na ce sai an buɗe ƙofa," ya ce masa. "Na janye. Wanda aka ce masa za a aurar da matarsa, waya na aljihunsa bai karya rantsuwa ba, ba na tambayarsa takarda. Amma tamdid ɗin nan naku wayo ne, kada ku ɗauka ban gane ba."

"Tuba nake, Baba."

"Ka koya mata ka da ki. Ni na gaza."

A ranar da aka sa aka ɗaura aure, ango ne kawai ya sauya. Kamfanin ya mayar musu da katinsu da ƙarin shekara guda. Da aka buɗe wurin bayan wata huɗu, su aka fara ɗagawa sama a kujerar nan mai ƙyalli, Lailatu ta rufe ido ta ƙanƙame hannun mijinta har suka sauko.

Abdulkahar an kore shi daga aiki, ya biya kuɗin mutane arba'in da uku, ya yi wata biyar a tsare. Da ya fito ba kafilin da ya karɓe shi ya tsaya masa kan takardar zama. Aka buga masa khuruj niha'i, aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar kakanninsa da bai taɓa gani ba.