Sahun Shanu a Kan Maɗi

Wata ranar kasuwar Shinkafi aka kashe Lazarus, da tsakar rana, a kan duro na maɗin rake.

Shehu ne ya kawo shawarar. Shi ke kula da gonar wiwi da ƙungiyar Maitama ta ɓoye a dajin Zurmi. Tun da Shari'a ta rufe gidajen giya, ganyen ya yi daraja, har fashi ya koma aikin rani. Da tabar ta fara fure, Shehu ya ce ƙasar ta gaji, tana son maɗi, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura in an dafa rake.

"To a sayo mana," in ji Sadiq, mai tuƙin ƙungiyar.

Maitama ya yi tsaki. "Saye? Yanzu wanda duk yas sayi maɗi duro guda, cewa za a yi giya zai dafa. Kahin ka juya 'yan agaji sun cika maka gida. Mu da ke da bindiga mi ya haɗa mu da ciniki?"

Shehu ya san mai ɗauko shi. Lazarus maƙwabcinsa ne a Ƙauran Namoda. Da can giya yake dako a a-kori-kurarsa, da aka hana sai ya koma kai wa masu kiwon shanu maɗi. Shi ne kuma ya ɗauki Ladidi, matar Shehu, zuwa asibiti ranar da jini ya ɓalle mata, lokacin da masu motocin unguwa ke cewa ba mai. Ta cika a hanya. Lazarus ya wanke motarsa, bai taɓa tayar da zancen ba. Shehu ma bai taɓa ba.

"Oga, sharaɗi guda," Shehu ya ce. "Mota da kaya. Mutumin ba a taɓa shi."

"Ɗan'uwanka ne?"

"Ba a taɓa shi, nic ce."

Maitama ya yi dariya. "An ji, malam manomi."

Sun tare shi bayan Badarawa, inda ramuka ke sa kowa rage gudu. Kututture a kan titi. Burki! Ƙura! Suka fito daga cikin dawa, rawani ya rufe fuska.

"Sauka! Kwanta!"

Lazarus ya sauko da hannuwa sama. "Ku ɗauka, ku ɗauka duka! Abincin shanu ne fa!"

"Kwanta ƙasa, kar ka ɗago," Shehu ya ce a hankali.

Lazarus ya tsaya. Ya juyo da kai.

"Shehu? Kai ne?"

Tau!

Harbi ɗaya. Maitama ya sauke bindiga, ya tofar da yawu.

"Ya san ka. Hau mu tai!"

Shehu ya hau baya, tsakanin durorin roba. Sadiq ya bar kwalta, ya kama hanyar shanu da ta nufi daji. Mota na tsalle, Shehu na kallon bayan kan Maitama ta gilashi. Bindiga ɗaya ce a wurin, kuma ba a hannunsa take ba. Wuƙar yankan ganye ce kawai a ƙugunsa.

Ya zaro ta. Ya soke duron ƙarshe daga gindi, ya murɗa.

Maɗi ya fara zuba, baƙi, siriri, ta ƙasan ƙofar baya. Shehu ya zauna ya kare hujin da rigarsa don kar a gani.

Saje Mahmud ya iso wurin gawar da 'yan sanda cike da mota. Sawun taya ya shiga cikin sawun kofato ya ɓace. Wani kofur ya ce a koma, dajin nan ba ya da ƙarshe.

"Dakata," Saje ya ce. "Mi shanun can ke yi?"

Garken da ya kamata ya watsu yana kiwo ya jeru a layi ɗaya, kowace saniya kanta a ƙasa, tana lasa. Makiyayin, wani dattijo, sai duka yake, sun ƙi motsi. Saje ya dangwala yatsa ya shinshina.

"Maɗi! Ku hau! Inda shanu sunka ƙare, ƙuda za su kai mu!"

A gona, Sadiq ya rungumi duron ƙarshe zai sauke, sai ya ji shi sakayau.

"Oga! Babu komi ciki!"

Maitama ya ga hujin. Ya ga baƙin layin da ya biyo su har gindin tabar. Ya dubi Shehu.

"Kai?"

"Ni."

"Ɗan banza, har da wuyanka ka saida! Hannu da ƙafa za su sare maka!"

"Su sare. Na ce maka ba a taɓa shi."

"A kan wani baƙo?"

"Baƙon ya fi ka, ya fi ni." Shehu ya jefar da wuƙar. "Harba, oga. Abin da ka iya ke nan."

Tau!

Shehu ya faɗi cikin tabar da ya rena. A lokacin jiniya ta tashi daga bayan itatuwa.

"Kar wanda ya motsa!"

Sadiq ya ruga, santsin maɗi ya kwashe shi, suka danne shi. Maitama ya juya yana harbi. Bai kai bakin rafi ba.

Kafin la'asar sun cinna wa gonar wuta. Lazarus ya mutu, Maitama ya mutu, Sadiq na cikin ankwa, Doosuur matar Lazarus tana Ƙaura tana jiran ƙarar motar mijinta. Duk a kan abincin shanu.

Saje ya durƙusa kan Shehu, da sauran numfashinsa. "Kai ka huda duron? In kai ne, faɗi, alƙali zai sassauta."

"Ban nemi sassauci ba."

"To mi kake so?"

Shehu ya buɗe baki. Maganar ba ta Saje ba ce, mai ita yana kwance a gefen titin Badarawa an rufe shi da buhu. Tun ranar da Lazarus ya wanke jinin Ladidi daga motarsa Shehu ke ɗauke da ita, kullum yana cewa gobe.

Bai taɓa ce masa na gode ba.