Akwatin da Ya Ɓata Lokaci

Rana ta yi ja a bayan gidajen Azare, kaji sun fara neman wurin kwana, Hajiya Kaltum tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, sai ta ji zubar ruwa a kwata. Ba ruwan wanke-wanke ba ne. Tafasasshe ne, yana fitowa da tururi daga bututun ɗakin yogot, yana bin kwatar da ta ratsa kangon da ke bayan gidan. Tiren shinkafar ya suɓuce daga cinyarta.

Yogot ɗin nan shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Alhaji. Akwai tankin da ke tafasa ruwan wanke robobi, in an gama ya saki ruwan da kansa. Ranar da ɗanta Abdulsamad ya haɗa shi, sharaɗi ɗaya ta kafa masa: kada ruwan zafi ya taɓa ƙasa bayan la'asar, don kowa ya san masu fitowa da almuru. Kullum kuwa sai ta je ta tsaya bakin bututun ta yi wa tankin bisimilla. Yau ta tsaya har ta gaji bai saki ba, ta ɗauka lalacewa ya yi.

Shi Abdulsamad aikinsa haɗa kwamfutoci. Ya kafe wani baƙin akwati mai ƙyafta fitilu a zaure, suwic yake ce masa, duk wayoyin gidan a cikinsa suke haɗuwa. Da yake intanet na yawan ɗaukewa, sai ya mai da akwatin agogon gidan. Kyamarori da tankin, duk shi suke tambaya ƙarfe nawa. Shi kuwa akwatin ba ya tambayar kowa. Daren jiya an ɗauke wuta har batir ya ƙare, akwatin ya farfaɗo da lokacin da ba daidai ba, saura suka bi shi kamar tumaki.

Kafin Hajiya ta miƙe, wani kuka ya tashi daga kangon, siriri, irin na jaririn da ya ƙone. Sai shiru. Bara'atu, autarta, ta zagaya can kwashe shanya. Ta dawo hannu ba komai, tana tafiya a hankali, ta zo tsakiyar gida ta faɗi kamar an sare ta.

Sai aka fara jifan gidan. Dutsen farko a kan kwanon rufi ya sauka. Na biyu ya fasa randa. Abdulsamad ya fito da gudu, na uku ya same shi a goshi, jini ya rufe masa ido. Aka duba kyamara, ba mai jifa, kuma a jikin hoton an rubuta wai rana ce tsaka.

Tun daga ranar, da zarar rana ta karkata, sai Bara'atu ta fara gurnani. Takan yaƙushe fatar hannunta har nama ya fito. Maƙwabta maza suka danne ta, ta watsar da su, ɗaya ya bugu da bango haƙorinsa ya fita. In ta hango murhu, can take nufa. Hajiya ta daina girki a gidan, ta daina barci, ko ashana ɓoyewa take yi a cikin ɗankwalinta.

Aka ɗauko Malam Talha daga Disina. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka zuba garwashi a kasko don hayaƙi, ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Iskar gidan ta tsaya cak. Can Bara'atu ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ka daina ƙona ni, Malam. An riga an ƙona min ɗa."

"Wa ya ƙona shi?"

"Shi nake nema. Na zagaye gidan nan ban ga hannun da ya zuba ba. Tanki ya ce akwati ne ya gaya masa rana ba ta faɗi ba."

Abdulsamad ya ce, "Malam, haka ne. Lokacinsa ne ya ɓace, ba wanda ya nufe su."

Kan Bara'atu ya juyo wajensa har wuyan ya yi ƙara. "Akwatinka ba shi da fata, yaro. Wannan tana da ita."

Malam Talha ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Kuskure ne, kuma ita ba ta da hannu. Za a juya kwatar ta bar kangonku. Ruwan zafi kuma daga yau mutum ne zai sake shi, da bisimilla."

"Wannan na gobe ne. Na jiya fa?"

"Na jiya ki bar wa Mai sakayya."

Ya ɗaga murya da karatu. Ta yi ta birgima tana buga kai da ƙasa, duwatsu na zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Daga ƙarshe ta ce ta yarda, za ta fita ta babban yatsan ƙafa. Masu riƙo suka sassauta.

Hajiya ce kaɗai ta ga inda idon Bara'atu ya nufa. Hannun Bara'atu ya fizgo kaskon ya ɗaga shi saitin fuskarta. Hajiya ba ta san lokacin da ta kai ba, ta dai ji damtsenta a tsakani, garwashin ya kife a kansa. Ƙaurin nama ya cika tsakar gida. Ba ta janye ba.

Idon ya tsaya a kanta, ya daɗe.

"Ke ce uwar?"

"Ni ce."

"To, kin ji abin da na ji."

Ƙafar Bara'atu ta yi karkarwa, ta yi atishawa, jikinta ya saki. Jifa ya tsaya. Daga masallacin unguwa aka kira sallar magariba.

Da ta buɗe ido, muryarta ce ta dawo, ƙarama, a dushe.

"Umma, wa ya yi miki haka a hannu?"

Hajiya ta ja gefen mayafinta ta rufe wurin.

"Ni ce ban kula ba, 'yar nan. Kwanta."