Ɗigon Jinin Ramatu

A shekara ta 1966 akwai wata yarinya a garin Falanko, cikin ƙasar Damargu. Shekarunta tara, tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Tana da ƙoƙari, ga ladabi. Amma fa akwai ta da tsoron allura, ba kaɗan ba. Ko allurar ɗinki Inna ta ɗauko, sai ka ga yarinyar nan ta ja baya.

Tana da ƙane mai suna Ila, watansa bakwai. Ita ke goya shi in ta dawo daga lakwal. Duk duniya babu abin da take so kamar Ila.

A wannan shekarar garin ba walwala. Bara da bazara ƙyanda ta shigo, ta kwashe yara goma sha ɗaya. A tabarmar ajinsu akwai gurbi biyu da har yanzu ba wanda ke zama.

Wata safiya mota ta tsaya a bakin lakwal. Wani dogon mutum ya fito riƙe da akwati. Malaminsu, Mushe Barmo, ya tara su a gindin bishiya.

"Yara, wannan shi ne Lokotoro Attahir, babban likita," in ji Mushe. "Ɗan Tanut ne. A ajin zana irin namu ya fara. Ya wuce Damagaram, ya wuce Dakar, ya ƙetare teku. Shekara goma sha biyu ya yi yana karatun jini. Yanzu shi ke koyar da manyan ɗalibai a jami'a. Likitoci da yawa a hannunsa suka koyi aiki."

Lokotoro ya zauna a ƙasa kamar su. Muryarsa a hankali take.

"Ƙannena biyu ƙyanda ta kashe ina ƙarami," ya ce. "Tun daga ranar nake tambaya, me ya sa wasu ke kamuwa, wasu ba sa kamuwa? Amsar tana cikin jini. Akwai wasu ƙananan masu gadi a ciki, ido ba ya ganinsu. Kun san karen makiyayi? In ya taɓa jin warin kura sau ɗaya, ba ya mantawa. Haka masu gadin nan suke. Wanda ya taɓa yin ƙyanda ya warke, jininsa ya san ta."

"To, wanda bai taɓa yi ba fa?" Mushe ya tambaya.

"Shi za mu yi wa allurar rigakafi, ta koya wa jininsa. Amma allurar ba ta da yawa. Sai na duba jinin kowa, in ga wanda ke bukata. Jarirai kuwa sun yi ƙanƙanta da ita. Kariyarsu tana hannun yayyensu. In babba bai kawo cutar gida ba, jariri ya tsira."

Aka ba kowane yaro 'yar takarda mai lamba. Mushe ya rubuta suna da lamba a littafinsa. Yarinyar ta samu lamba talatin da bakwai. Daga nan Mushe ya tafi jera yaran aji ɗaya, masu kuka tun ba a taɓa su ba.

Yarinyar ta leƙa. Ta ga ana soka yatsa, ana ɗiga jini a farar takarda. Ta ja da baya. Sai ga ƙawarta Ramatu ta fito tana tsotsar yatsa, ko a jikinta.

"Ramatu, don Allah ki sake shiga da lambata," ta raɗa mata.

"Ke, in Mushe ya gani fa?"

"Ba ya nan. Shi kuma baƙon bai san mu ba. Ungo kallabina ki ɗaura. Zan ba ki cukuna duka."

Ramatu kuwa da cuku ba a magana. Ta ɗaura kallabin, ta miƙa ɗaya hannun. Aka ɗiga jininta a ƙarƙashin lamba talatin da bakwai. Yarinyar ta koma gida tana murna, wai ita mai wayo. Kaico, wayon banza. Ta manta Ramatu ta yi ƙyanda bara ta warke.

Bayan mako uku Lokotoro ya dawo daga ɗakin bincikensa da akwatin ƙanƙara. Aka kira sunayen masu bukatar allura. Ba a kira ta ba.

"Jininki cike yake da masu gadi," in ji Mushe. "Ba kya bukata."

Inna ta yi mamaki da ta ji.

"Ikon Allah. Ni dai ban san kin taɓa yin ƙyanda ba."

"Wataƙila ina ƙarama ce, Inna," ta ce, kanta a ƙasa.

Bazara ta kama. Wata rana Baba ya tafi da ita kasuwar Belbeji, ta wuni tana wasa da wasu yara masu tari. Bayan kwana goma jikinta ya yi zafi. Idanunta suka yi ja, hanci na zuba. Duk da haka ta ci gaba da goya Ila, don Inna na daka. A rana ta huɗu ƙuraje suka fito mata a bayan kunne, suka bazu a fuska.

Inna ta dube ta, ta dubi Ila, ta zauna a ƙasa tana kuka marar sauti. Duk wanda ya ga bara ya san yadda ƙyanda ke yi wa jariri.

Mushe Barmo ya aika mutum a kan raƙumi zuwa Tanut, inda Lokotoro ya sauka. Washegari da hantsi Lokotoro ya iso. Ya duba yarinyar, ya buɗe littafinsa, ya sake duba ta. Fuskarsa ta canza.

"Wannan ba zai yiwu ba," ya ce. "Lamba talatin da bakwai na da kariya. Da idona na gani."

"Lokotoro, ɗan nawa fa?" in ji Inna. "Kullum yana bayanta."

Ya ciro wata 'yar kwalba daga akwati.

"Baiwar Allah, ki ji gaskiya. A cikin kwalbar nan akwai masu gadi da aka tace daga jinin waɗanda suka warke. In an ba jariri da wuri, suna tare masa ƙyanda. Ita kaɗai ta rage mini. Akwai kuma wata jaririya a ƙauyen Tenhya, yayanta ya kwanta da ƙyanda, babu shakka."

Ya dubi yarinyar, sannan ya ci gaba.

"Amma 'yarki tana da masu gadin nan, kuma ga ta kwance. Ke nan ko dai wata cuta ce mai kama da ƙyanda, ko kuma aikina na shekara goma sha biyu kuskure ne. Ko wanne ne, kwalbar ba za ta amfani ɗanki ba. Zan kai ta Tenhya, inda na fi sa rai."

Inna ba ta yi gardama ba. Ta rungume Ila kawai, hawaye na sauka a kansa. Lokotoro ya fara rufe akwati. Abin tausayi, babban mutum kamar wannan ya rasa abin da zai gaskata.

Yarinyar tana kwance tana jin komai. Tana tsoron Inna, tana tsoron bulalar Mushe, tana jin kunyar baƙo. Sai Ila ya miƙo mata hannu yana dariya, bai san komai ba.

"Lokotoro," ta ce da dasasshiyar murya. "Ba jinina ba ne."

"Me kika ce, 'yata?"

"Na Ramatu ne. Tsoro na ji. Na ba ta kallabina da cuku, ta shiga da lambata."

Inna ta saki baki.

"Ke kuwa me ya kai ki? Kin ga abin da kika jawo mana?"

"Ki yafe mini, Inna," ta ce tana kuka. "Kada Ila ya mutu saboda ni."

Lokotoro ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya sake buɗe akwatin.

"To, ƙyanda ce ke nan, kuma masu gadi ba su gaza ba. Miƙo shi nan." Ya ɗaga kwalbar ya auna da ido. "Dukansu ƙanana ne. In na raba daidai, za ta ishe shi da ta Tenhya."

Ya yi wa Ila allura a cinya. Ila ya tsala ihu, har awaki suka firgita a waje. Aka kai shi gidan kakarsa.

Yarinyar ta sha wuya ƙwarai. Kwana tara tana kwance, ba ta iya kallon haske, abinci ba ya wucewa. Ta rame har ta ba kowa tausayi. Kowace safiya tambayarta ɗaya ce: "Inna, yaya Ila?"

Mako uku suka wuce. Ila bai yi ko tari ba. Jaririyar Tenhya ma ta tsira.

Lokotoro ya biyo ta gidansu kafin ya koma jami'a. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kasa ɗaga kai.

"Kin yi laifi babba," ya ce. "Amma ni ma na koyi abu. Na rubuta wa ɗalibaina duka. Daga yau ba za a ɗauki jinin yaro ba sai malaminsa ko uwarsa na tsaye, sun ce shi ne. A aikinmu, 'yata, ɗigon ƙarya ɗaya na iya kashe mutum."

"Ba zan sake ba, Lokotoro."

Ran da aka dawo da Ila gida, yana ganinta ya fara zillo a hannun kaka. Inna ta ɗora mata shi a baya, ta ɗaure zanen da kanta.

"Riƙe ƙanenki," ta ce. "Gaskiyar da kika faɗa ce ta bar mana shi."

Yara, tsoro ba laifi ba ne, kowa na jin sa. Laifin shi ne a rufe tsoro da ƙarya. Ƙaryar da ka raina tana iya faɗawa kan wanda ka fi so. In kuma ka riga ka yi, ka faɗi gaskiya tun da sauran lokaci.