Gilashin Da Ya Ƙi Yin Duhu

"Kawu, wa ya buge ka kake kuka?"

Huda ce ta yi tambayar, ƴar shekara biyar, tana riƙe da zanen yayarta Anisa a bakin wani shagon sudur, wato walda, a unguwar Kirkissoye. Ƙafar murhu suka kawo a liƙe musu. Halidu, mai sudur ɗin, ya ture baƙin gilashin ƴan babur da yake aiki da shi. Idanunsa jajur, suna zubar ruwa.

"Wutar aiki ce ta gaishe ni, ƙanwata."

Anisa ba ta yi dariya ba. Irin idon nan ta taso tana gani a gida, kafin na mahaifinta, Malam Illo, su dushe bayan shekaru yana sudur ido tsirara. Yanzu ita ke riƙe masa hannu zuwa likita.

Murhu ya gyaru, amma Halidu bai daina samun dalilin bin layinsu ba. Ya sa mata suna Sanyin Idona. Ita kuma kullum in za su rabu sai ta ce, "Ka sayi kaske, hular nan mai kare ido."

Da manyansa suka zo tambaya, Malam Illo bai ja magana ba.

"Mai sudur? A'a. Ta ja makaho ɗaya, ya ishe ta."

Halidu ya tsaya a wani tebur na bakin titi wajen unguwar Maourey, ya sayi kaske mai sheƙi, ya kawo da murna.

"Baba, ga shi. Da kansa yake yin duhu in wuta ta tashi."

Tsohon ya shafa shi da yatsu. "Anisa, sa shi." Ya ƙyasta birike, abin kunna wuta, a gaban gilashin. "Ya yi duhu?"

Halidu ya kafe ta da ido yana roƙo. Kalma ɗaya za ta faɗa a sa rana.

"A'a, Baba. Bai yi ba."

Halidu ya fita ko sallama babu. Don ya nuna kaskensa na aiki, ya wuni da shi yana haɗa ƙofar ƙarfe. Gari ya waye kamar an zuba masa yashi a ido.

Anisa ba ta sani ba, sai saƙo take ta turawa.

"Nawan, da na ce ya yi duhu, da na ci amanar idonka."

"Ko ka fasa ne, ka daure ka faɗa mini."

Shiru. Ta daina cin abincin kirki. Sai ga ƙanwarsa Rukayya ta zo gidan.

"Bai fasa ba. Ko hasken waya ba ya iya kallo. Ni ke karanta masa, kunya ta sa ya hana ni amsawa."

Da Halidu ya iya buɗe ido, tare da Anisa suka tsallake gada zuwa shagon kayan aiki. Anisa ta nemi kaske mai idanu huɗu masu jin tashin wuta, mai maɓallin ƙara duhu daga lamba tara zuwa sha uku, mai pil, wato batir, da ake iya canzawa. Ta sa a kanta, ta ce a ƙyasta.

Mai shagon ya ce, "Madam, ke za ki yi sudur ɗin?"

"Ni zan zauna da mai yi."

A gaban Malam Illo aka sake gwadawa.

"Ya yi duhu, Baba," in ji Anisa.

Tsohon ya juya wajen Halidu. "Ran da ka kunna wuta babu shi, ka maido mini ƴata."

An ɗaura aure bayan damina. Likita ya ce tabon da ke idon hagu na Halidu ya zauna ke nan. Ranar kai amarya, Malam Illo ya shafa tafin hannun Anisa, ya tambayi Rukayya ko lallen ya kama.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," in ji shi. "Ya bar muku ganinku."

Ke wadda mijinki, ko ɗanki, ko ƙanenki ke sudur, kada sheƙin kaske ya ruɗe ki. Ki sa a kanki, a ƙyasta wuta a gabanki. In bai yi duhu nan take ba, kada ki bari ya fita da shi daga shagon.