Majanyin da Ya Koyi Kunya

Jan layin bugun zuciya da ke kan allon gilashi ya yi sama kamar zai fasa rufi, amma yarinyar da ke cikin ɗakin gwaji ko uffan ba ta ce ba. An ɗauke mata 'yar tsanarta da gangan, an ɗora a saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa. Ta dubi 'yar tsanar, leɓenta ya yi rawa, sai majanyin da ke ɗaure a ƙirjinta ya kawo koriyar wuta. Ta haɗiye kukan, ta zauna a tabarma.

"Kin gani ko?" in ji Farfesa Gambo, shugaban Sashen Nazarin Zuciyar Yara na jami'ar Birnin Tsauni. "'Yar shekara uku, amma haƙuri irin na dattijuwa. Ki yi murna mana, Dakta, ai 'yarki ce."

Dakta Baraka ba ta yi murna ba. Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa wuri ɗaya, daga taga ta dawo allo, daga allo ta koma taga. A saman benen sashen, jirage marasa matuƙi suna ta ɗaukar kwalayen majanyin. Kafin la'asar za a raba majanyin ga duk gidajen renon da ke birnin.

Majanyin Lallashi ƙyalle ne da aka saƙa da zaren lantarki. Yana jin bugun zuciyar yaro da zufarsa da numfashinsa, ya hango kuka tun bai iso maƙogwaro ba. Daga nan sai ya ɗumama, ya ɗan matse, ya riƙa gunagunin waƙar reno. Ba wanda ya zauna ya rubuta masa yadda ake lallashi. An dai riƙa kawo iyaye mata da 'ya'yansu cikin ɗakin gilashin nan ana ɗaukar bidiyonsu, ƙwaƙwalwar na'urar ta kalla ta koya. Farfesa kuwa ya kafa doka tun farko: uwa da ɗa kawai za su shiga, ba kaka, ba gwaggo, kada a gurɓata masa gwaji.

Abin da ya hana Baraka sakat shi ne abin da ta gani da safe. Tana sa wa yarinyar riga ta tarar da bororo a yatsanta, ƙunar butar shayi, har ta ɗuri ruwa. Ba wanda ya ji kuka a gidan. Ba wanda ya san yaushe abin ya faru.

"Ranka ya daɗe, dubi layin nan," ta ce. "Bakinta ne ya yi shiru, zuciyarta tana gudu."

"Haba Dakta, zai sauka. Kullum sauka yake yi."

"Na sauran yara yana sauka. Nata ba ya sauka."

Ta goga yatsa a kan gilashin ta jero sakamakon yaran duka. Wasu ƙalilan sun fita daban, layinsu a sama yake maƙale, kuma majanyinsu bai taɓa ɗumama ba ko sau ɗaya. Ta duba shekarunsu, ba shi ba ne. Ta duba unguwanninsu, ba shi ba ne. Sai da ta karanta sunayen iyayen, ta tuno fuskokinsu, matan nan masu ɗanyen jini da suka riƙa shigowa suna sunkuyar da kai, sannan ta gane. Dukansu 'ya'yan fari ne.

Ta nemo tsohon bidiyon da na'urar ta koya daga gare shi, ta kunna. Wa za ta gani? Ita ce da kanta, da mayafi ruwan toka, yarinyar tana tsala kuka a gefen ƙafarta. A bayan gilashi ga Farfesa zaune, sa'an mahaifinta, da ɗalibai cike da benci. Barakar cikin bidiyon ta kau da kai, ta ƙura wa bango ido, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, yi shiru." Ta jira har yarinyar ta gaji ta yi shiru. Na'urar ta rubuta: an yi nasara.

Wallahi abin dariya ne in ba don ya zo da ciwo ba. Birnin da jirgin ƙasa ke gudu a saman gidaje, birnin da inji ke toya ƙosai, amma har yau ba macen da za ta rungumi ɗan farinta a gaban manya. Ko sunansa ba ta kira. Baraka mai digiri uku ma "yarinyar nan" take cewa, yarinyar kuma tana ce mata Anti. Ta tuna abin da ta yi bayan an kashe kyamara ranar: ta suri 'yarta ta yi bayan matattakala da ita, ta sumbace ta har ta yi dariya. A can babu kyamara.

"Kunya ya koya," ta ce. "Da ya gane ɗan fari ne, sai ya kau da kai kamar yadda muka yi."

Farfesa ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "To ai mu ma haka aka rene mu, Dakta. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ga ni nan lafiya lau."

"Idan ka yi kuka, wa ke ɗaukar ka?"

"Kakata mana! Kafin in buɗe baki ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi ƙofar ɗakin gilashin, inda dokarsa take liƙe da manyan haruffa. Kunyar uwa ba ta taɓa barin ɗa a ƙasa ba, domin akwai hannun da ke miƙowa daga gefe. Su ne suka tsare wannan hannun a waje, suka koya wa na'ura rabin al'ada.

"A tsayar da jiragen!" ya daka wa ɗaliban da ke tsaye a bayansa tsawa. "Ku kira saman bene, maza!"

Baraka ba ta tsaya jin amsa ba. Ta tura ƙofar ta shiga, ga Farfesa ga ɗalibai duk suna kallo, kunya ta kama ta har tafin ƙafa, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi. Ta durƙusa ta kwance majanyin ta yar. Ƙyallen sanyi ƙalau, kamar wanda aka shanya a inuwa.

"Zulai," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a baki, don ba ta taɓa furta shi a gaban mutane ba. "Zulai, zo nan. Nuna min yatsan. Yi kukanki, kin ji? Ina nan."

Ta rungume ta. Ƙirjin yarinyar yana duka da sauri a jikin nata, amma jikin a sandare, hannuwan a miƙe a gefe. Baraka ta jijjiga ta, ta hura mata yatsan, ta yi mata waƙar bayan matattakala. Hawaye suka zubo, sai dai na uwar ne.

Wani ɗalibi ya leƙo yana haki. "Ranka ya daɗe, sun riga sun tashi."

Ta taga ana hango su, sun watsu a sararin birnin, kowane da kwalinsa, sun nufi gidajen reno. Zulai ta ɗago kai ta dubi fuskar uwarta, ta sa yatsan nan mai ƙuna ta share mata hawaye.

"Anti, daina," ta ce a hankali. "In kin yi kuka ba mai zuwa."