Digiri Casa'in

Magariba ta kawo jiki, masu shaguna suna jan ƙofofi, lokacin da Injiniya ya ga layi na huɗu a allon kwamfutarsa. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a ƙofar gida, don a cewarsa duk unguwar babu mai hannunsa a gyaran kwamfuta. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Babbar kwamfutarsa tana kusurwar ɗakin tsakiya, shekara da shekaru ba ta hutawa. A ranar ya saka mata sabuwar manhaja mai karanta ma'aunan zafin da ke cikinta. Layi uku suka fito a allo: ƙwaƙwalwa, katin hoto, ma'ajiya. Sai ga na huɗu, ba suna, yana nuna digiri casa'in. Injiniya ya san cikin akwatin nan kamar yunwar cikinsa, ya san ma'auni uku ne a ciki. Amma a ce a gidansa, gidan Injiniya guda, wani abu yana dahuwa? Ya kwance murfi, ya jawo injin hura iska. Matarsa ta leƙo ta ce ya bari sai da safe, magariba ba lokacin kakkaɓe lungu ba ce, in kuma ya nace ya yi bismilla. Ya ce mata kwamfuta ba ta san magariba ba. Ya hura iska har ya gamsu, ya ƙara fanka biyu.

Layi na huɗu ya fara sauka. Saba'in, hamsin, arba'in. Ya tsaya a talatin da bakwai, kuma gidan ya yi shiru irin wanda ba a saba ba.

Kafin isha'i aka fara jifa a kan kwanon rufi. Da safe suka share tsakar gida, ba dutse ko ɗaya, sai ƙananan kusoshin kwamfuta, irin waɗanda yake tarawa a gwangwani. Gwangwanin a rufe yake, amma wayam. Da yamma kuma wata murya takan bi ƙarar fanka, kamar mace tana rarrashin yaro.

Sannan Auta ta kwanta. 'Yarsa ce ta ƙarshe, mai surutu da tsokana, ita kaɗai ke kiransa Injiniya ba takarda ya yi dariya. Ta daina magana. Tana bin ɗakuna tana kashe fanka, har uwar ta same ta rungume da dutsen guga yana jone. A asibiti aka auna, aka ba da magani, zazzaɓi bai gusa ba. Wata yamma Injiniya ya zare ma'aunin zafi daga hammatarta, ya ga arba'in. Ya waiga ya dubi allo. Layi na huɗu ma arba'in.

Matar ce ta kira Malam, wani dattijo mai ruƙiya da ke bayan layinsu. Ya zauna a tabarma, ya sa aka kashe duk abin da ke kaɗawa, ya yi ta karatu a hankali har duhu ya cika ɗakin. Auta ta miƙe zaune. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciyarsa. A bayan ƙwaƙwalwar nan na haifi 'ya'yana uku."

Ta ce ɗumi ya kawo ta, kuma ba ta taɓa ɓata masa aiki ba. Sau nawa aka ɗauke wuta ta riƙe masa aikin mutane bai ɓace ba, shi kuwa ya fita layi yana bugun ƙirji? Injiniya ya tuna, gaskiya ta faɗa.

"Kai mai sukurdireba," ta ce, "ƙura kake tsammani ka hura? Ƙaramin bai kwana ba. Sanyi ya kashe shi."

Ko a lokacin wayo bai bar shi ba. Ya yi mata tayin ta koma cikin janareta. Ta ce yau a kunne gobe a kashe. Ya ce to ga gidan burodi a ƙarshen layi, tanda ba ta mutuwa. Ta ce akwai masu shi, kuma ba sa son baƙi. Malam ya ɗaga murya da karatu don ta bar gidan gaba ɗaya. Auta ta sandare, lambar allo ta hau arba'in da ɗaya tana neman wucewa. Malam ya tsaya, ya share gumi.

"Injiniya, karatu azzalumi yake kora. Wannan kuwa ita aka zalunta, kuma yarinyar ba za ta jure ba."

Sai aka yi sharaɗi. A cire fankokin, a bar kwamfutar a kunne, kada ta sauka daga casa'in. Ranar da ta huce, aljanar ta ce za ta koma jikin Auta, wannan karon da sauran 'ya'yan biyu. Injiniya ya cire fankokin da hannunsa. Auta ta yi atishawa, ta zube, ta nemi ruwa. Layi na huɗu ya hau a hankali ya tsaya inda aka same shi.

Mutane suka zo barka. Injiniya ya amsa, amma babu wanda ya fi shi sanin kwana nawa kwamfuta ke yi a digiri casa'in. Ya sayi batura saboda ɗaukewar wuta. Ya gwada sauya mata sabon akwati, aka kwana ana jifa. Ya daina fita aiki, jan fentin ƙofa ya koɗe bai sabunta ba. Ɗakin tsakiya ya fara warin roba mai ƙonewa, allon yana ɗaukewa yana dawowa.

Wata magariba aka yi ruwa, iska ta shigo ta ƙasan ƙofa. Lambar ta girgiza ta koma tamanin da tara.

"Baba," Auta ta kira daga ɗakinsu, "sanyi nake ji."

Injiniya ya tuɓe rigarsa, ya lulluɓe kwamfutar da ita, ya zauna yana kallon allo.