Shari'ar da Aka Yi a Cikin Aji

"Na yi mata alkawarin aure, ya mai shari'a. Ban musa ba."

Muryar Dogo ce ke fitowa daga wayar Yaya, cikin Turanci mai santsi, ga fassara an rubuta a ƙasan bidiyon. A cikin bidiyon, a gefen Dogo, Kwalisa na share hawaye da bakin mayafi.

"Yaya, wallahi wasa ne..."

"Wasa? Da alƙali da rantsuwa? Auta, ni za ki raina wa hankali? Ki gaya masa kada manyansa su tako ƙofar gidan nan!"

Auta ɗalibar shari'a ce a jami'a. Yaya, direban babbar mota, shi ya rene ta tun rasuwar iyayensu, kuma da ƙyar ya yarda Dogo, ɗan ajinsu, ya turo manyansa a ƙarshen wata. 'Yan ajin sun haddace doka, amma in aka ce su faɗe ta da Turanci sai harshe ya ɗaure. Shi ya sa Malamarsu ke mayar da aji kotu. Kowa ya zaro matsayinsa daga gwangwani, wani lauya, wani shaida, kuma ba mai komawa kansa sai ta buga guduma.

Auta ta san duk wannan. Sai dai ranar da aka yi wannan shari'ar tana kwance da zazzaɓi, ba ta gani da idonta ba.

Ta kalli bidiyon har ido ya yi mata zafi. Allon ajinsu ne, babu shakka. To amma wannan kallon da yake yi wa Kwalisa fa? Ba irinsa yake yi mata ba?

Ta kira Kwalisa, wadda tun shigarsu jami'a take shawagi a kusa da Dogo.

"Ke kika tura wa Yayana?"

"Ni? Haba ƙawata! Amma tunda kin tambaya... ni kaina ban san inda wasa ya tsaya ba ranar."

Ta kira Dogo.

"Autata, 'yar lelena, ya jiki?"

"Ka yi mata alkawari ko ba ka yi ba?"

"Na yi mana, Malama ta ce in yi."

"Malama ce ta ce ka aure ta?"

"A'a! Wanda ake ƙara ne ya yi, ni ne shi, amma ba ni ba ne..."

Ta kashe wayar, kanta ya ƙara kullewa.

Washegari ta sami Malama a ofis tana jera jakunkunan takardu. Malama ta ba ta kujera da ruwa, ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"'Yata, bayani ba zai shiga kunnen Yayanki ba. Ki kawo min shi aji."

Yaya ya zo fuska a murtuke, ya zauna a layin baya yana harar Dogo. Malama ta zagaya da gwangwani, ta tsaya a gabansa.

"Duk wanda ya shigo ajina sai ya zara, Malam."

"Ni Turancina na bakin hanya ne."

"Shi muke so."

Ya zaro. Mai gida ne da ake ƙara kan ya kori ɗan haya ba sanarwa. Ɗan hayan kuwa Dogo. Auta ta fito a lauyar Dogo, cikin baƙar riga.

Dogo ya shiga wurin shaida ya fara ba da labari. Yadda aka watso masa kaya waje cikin ruwan sama, yadda 'ya'yansa uku suka kwana a baranda. Muryarsa ta karye, idonsa ya cika.

Yaya ya miƙe zumbur.

"Ƙarya ne! Ni ko gidan haya ba ni da shi! Yaushe na san 'ya'yanka? Kai, kana da 'ya'ya dama?"

"Da Turanci, Malam," in ji Malama a hankali.

Ya zage ya kare kansa da Turancinsa na hanya, har da dukan ƙirji. Auta ta jefa masa tambaya, ta sake jefa wata, kalmomin suna fito mata ba ta ma lura ba. Kafin a ankara Yaya ya amsa cewa shi ya canza kwaɗon ƙofa.

Malama ta buga guduma. Aji ya kwashe da dariya, Yaya ya tsaya baki buɗe.

"Wai ni na ce na canza kwaɗo?"

"Da bakinka, Yaya. Da an ɗauke ka a waya, da ka shiga uku a wurin Anti matarka!"

Ya dafe kai yana dariya har da tari. Malama, da ta riga ta gano wadda ta tura bidiyon, ta miƙa wa Kwalisa hannu ba faɗa.

"Daga yau wayarki a teburina take karatu."

Kwalisa ta ajiye, ba ta ɗago ido ba.

A baranda Dogo ya biyo Auta. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

"Ranki ya daɗe, lauyata, mun ci shari'a."

"Ka yi kuka saboda 'ya'yan da ba ka haifa ba," ta ce. "To ni ta yaya zan gane naka na gaskiya?"

Ya matso kusa da ita.

"Ban sani ba, Auta. In na rantse, kin ga na iya rantsuwa. In na yi kuka, kin ga na iya. Abin da ya rage min kawai shi ne in zo, in yi ta zuwa, har ki gaji da ganina."

"Kai ɗan haya!" Yaya ya ƙwala masa kira daga bakin mota. "Ka gaya wa manyanka ƙarshen watan yana nan. Amma ka zo ba 'ya'yan nan uku!"

Ƙarshen wata manyan suka zo, shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura auren. Auta ba ta sake tambayarsa hujja ba. Ta fahimci cewa magana kowa yana iya koyonta a aji, amma mutum sai an zauna da shi ake saninsa.